Hawa Biyun Da Aka Cire

Sallama gare ku, masu bibiyar labarina. Wasu a cikinku sun dame ni da saƙonni, wai na cika ƙorafi, wai wadda aka sa wa rana da ɗan masu hali a Illela ba ta da abin kuka. To yau ku gyara zama zan zazzage muku komai. In kun gama karantawa sai ku gaya mini ko ƙorafin banza nake yi.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Hamdiyya, 'yar Alhaji Halilu mai shadda. Na yi karatun lantarki a Sakkwato. Mu uku ne mata a ajinmu, ni kaɗai na kai ƙarshe. Aikina zana bod. Kun san ɗan koren faifan nan da ake gani in an buɗe rediyo ko waya, mai siraran layuka kamar hanyar tururuwa? To shi ne bod, kuma mutum ne yake zama ya tsara inda kowane layi zai bi. Inna tana ce wa aikin "zanen Hamdiyya", kai ka ce ƙunshin amare nake yi.

Shi kuma wanda aka sa mana rana, Sharafuddeen, yana da shagon kayan sola a bakin titin da ya miƙe zuwa Ƙwanni. Dogo ne, ba ya rabuwa da farin gilas, turarensa kuwa kullum yana riga shi sallama. Ba zan yi muku ƙarya ba, babu wanda ya tilasta ni, ni na so shi da kaina. Shi ne namiji na farko da ya ga kwamfutata a buɗe bai yi dariya ba. Ya ja kujera ya ce, "Mi wanga abu ka yi?" ya zauna ya saurare ni har aka kira magariba. Daga ranar na ba da kai, kuma ina sane.

Lokacin da aka rufe iyaka kasuwar Baba ta kwanta, shaddoji suka yi ta shan ƙura a kanta. A nan Sharafuddeen ya zo da shawara: maimakon a yi ta jiran kayan waje, me zai hana mu haɗa namu akwatin sola? Ɗan ƙarami, mai cajin waya, mai kunna fitila da fanka, irin wanda mutanen Amarawa da Garu za su iya saye. Ni zan zana, shi zai sayar, Baba ya zuba abin da ya rage masa. Wata huɗu na yi a kan zanen nan, ina zaune a kan darduma a ɗakina, kwamfuta a kan filo, bayana kamar zai ɓalle.

Dole in yi muku ɗan bayani a nan, don in ba ku fahimci wannan ba, ba za ku fahimci abin da aka yi mini ba. A cikin akwatin akwai wani makunni da ke kunna wuta ya kashe sau dubbai a cikin ƙiftawar ido. Kuma duk wutar da ta fita ta wani layi, sai ta nemi hanyar komawa inda ta fito. In ka shimfiɗa mata falle guda na jan ƙarfe daidai ƙarƙashin layin, sai ta koma ta nan salin-alin. In ba ka shimfiɗa ba, sai ta yi ta zagaye tana neman hanya, wannan zagayen kuwa shi yake zama eriya, ya dinga watsa ƙara cikin iska. Kamar ruwan wanki ne da ba a yi masa kwata ba, gidan maƙwabta yake nufa. Shi ya sa na yi bod ɗina hawa huɗu a manne da juna: sama layuka, ƙasa layuka, a tsakiya kuma falle biyu na jan ƙarfe zalla, ɗaya na komawar wuta, ɗaya na raba ta. Waɗannan biyun na tsakiya ba a ganinsu, kuma in ka duba su a takarda kusan babu zanen komai a kansu. Amma su ne suke riƙe da ƙarar.

Guda biyar muka fara sa kamfani ya buga mana don gwaji. Ranar da suka iso na haɗa ɗaya, na ɗauko rediyon Baba na ɗora ta a kan akwatin, na kunna. Murya ta fito tar, ko ƙis babu. Baba ya yi murmushi har da gyaɗa kai, Inna ta rangaɗa guɗa tana dariya. Wallahi ranar ji na yi kamar an ɗaura mini aure da duniya gaba ɗaya.

Babbar odar kuwa Sharafuddeen ne ya yi ta, saboda ni na koma Sakkwato wani kwas na mako shida. Ina can ya turo mini hoton murfin akwatin, an rubuta SHARAF SOLA da ruwan gwal.

Na rubuta masa, "Ina nawa sunan?"

Ya amsa, "Haba gimbiya, sunana ai sunanki na." Ya bi da hoton zuciya guda uku. Ni kuma, sakarya, na yi murmushi na rungume wayar.

Da na dawo gida na tarar an kafa ɗaya a falon Baba, fanka na ta juyawa. Abu ɗaya ne ya ba ni mamaki. Tun ina rarrafe, Baba ba ya fashin sauraren rediyo bayan asuba. Zai shimfiɗa buzunsa a gindin darbejiya, kofin koko a dama, rediyo a hagu, kuma babu mai tari a gidan sai an gama labarai. Amma sai na ga rediyon a saman kabad, an lulluɓe ta da ƙyallen shadda.

Na ce, "Baba, rediyon ta lalace? In duba maka?"

Ya ce, "Bar ta nan. Labarun yanzu duk tashin hankali na." Bai ko ɗago ya dube ni ba, ni kuma ban kawo komai a raina ba.

Ranar Alhamis da hantsi ina tsakar gida ina tsince shinkafa, daga ni sai doguwar rigar atamfa da ɗankwali a karkace, aka yi sallama a zaure. Baba ba ya nan. Na zura hijabi na leƙa. Wani dattijo ne tsaye, hularsa ta sha rana, buhu a kafaɗa. Ya ce sunansa Malam Attahiru, daga Garu yake.

"Ke ta ɗiyar Alhaji mai zanen akwati?"

Na ce, "Ni ce, Baba. Lafiya?"

Ya sauke buhun, ya fito da akwatinmu da ƙaramin batir da wata tsohuwar rediyo da aka ɗaure da roba. Ya kunna rediyon, ana magana ras. Ya danna makunnin akwatin. Nan take muryar ta ɓace, wata ƙara ta maye gurbinta, zzzz, mai shiga har cikin haƙori.

Ya ce, "Kin ji. Tun da nis sa abin ga a gidana ba ni jin komi. Ba ni kaɗai ba, maƙwabtana gida uku, tasu ma haka. Abokina na Amarawa ya rasu, anka yi sanarwa sau biyu a rediyo, ban ji ba. Shekara hamsin muna tare, ɗiyata. Sai ranar ukku nij ji a bakin mai kabu-kabu."

Shi kuwa ya ci gaba, ba da faɗa ba, a hankali, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

"Na tahi shago, mai shagon yac ce shi sayarwa kawai shika yi. Wai mace ta ta zana, kuma in yi haƙuri, na san aikin mata."

Masu karatu, kun ji fa. Da abin yake ƙyalli, SHARAF SOLA ne. Da ya fara ihu, sai ya zama aikin mata.

Na shiga ɗaki na ɗauko sukudireba, na dawo zaure. Na ɓalle takardar da aka manna a bakin murfin, na kwance, na zaro bod ɗin. Da ido dai nawa ne, layi-layi, har da ɗan tauraron da nake sawa a kusurwa. Sai na matsa bakin zaure na ɗaga shi saitin rana. Haske ya ratsa shi, kore shar, har ina ganin inuwar yatsuna ta baya. Na koma da gudu na ɗauko ɗaya daga cikin biyar ɗin gwaji, na ɗaga. Duhu. Rana ba ta ratsa jan ƙarfe. An cire mini hawa biyu na tsakiya, an bar kamfani ya jona layukan yadda ya ga dama.

Na ba Malam Attahiru haƙuri har da durƙusawa, na ce ya bar mini akwatin. Yana fita na ɗauki hoton bod ɗin biyu a rana na tura wa Sharafuddeen.

"Ina hawa biyuna?"

Ya gani, alamar ta yi shuɗi. Minti ashirin shiru. Sannan: "Ina tare da kwastoma."

"Ka ce wa tsohon mutane aikin mata ne."

"Gimbiya ki kwantar da hankalinki. Za ni zo bayan la'asar."

Ban kwantar ba. Inna ta same ni a bakin gado, a tsakanin kwalayen kulolin da aka saya na kayan ɗakina. Ashe ta riga ni sanin an kai ƙara. Masu saye sun taru sun je wurin shugaban 'yan kasuwa, an sa zama ranar Lahadi. Ta zauna tana ninke mayafaina ɗaya bayan ɗaya, ba ta kallona.

"Hamdiyya, ke mace ta. In kinka ce kuskure kinka yi, gobe an manta. Kina shiga ɗaki shi ke nan, wa za shi tuna? Shi ko in sunanai ya ɓaci a kasuwa, mi za ku ci?"

"Inna, wata huɗu fa na yi. Ba ni na ɓata ba."

"Na sani."

"To in kin sani?"

"Saura kwana ashirin da shida biki. An ɗinka anko. Gwaggonninki na Ƙwanni sun sayi goro. Kina so a ce ɗiyar Hasana ta tsaya gaban maza ta tozarta mijin da za ta aura a kan ƙarhe?"

A kan ƙarfe. Na kalli hannun Inna, duk jijiyoyi, yana shafa mayafin da ta yi wata biyu tana tara mini. Na so in yi mata ihu, na kasa.

Bayan la'asar Sharafuddeen ya zo. Farar shadda, hula zanna, agogo na walƙiya. Ni ko hoda ban shafa ba, baƙar abaya na zura na fita zaure da bod biyu a hannu. Ko gaisuwar ban bari ta yi tsawo ba. Na miƙa masa su.

"Ɗaga su a rana."

Bai karɓa ba. "Na san abin da za ki nuna min."

"To me ya sa?"

"Hamdiyya, na buga takardun guda huɗu na duba. Biyu cike da zane, biyu ba komi bisansu, wayam. Kamfani sunka ce in an cire su za a samu sauƙi sosai. Kuma anka gwada, hitila ta kama, fanka ta juya, waya ta yi caji. Mi kike so kuma?"

"Ka tambaye ni? Saƙo ɗaya! Kai da kake turo mini hoton abincin da ka ci!"

"Da na tambaye ki da kin hana."

Na ce, "Ƙwarai kuwa da na hana. Kuma ranar Lahadi ba zan ɗauki laifin da ba nawa ba. Zan tsaya gaban shugaban 'yan kasuwa in ɗaga su a rana, kowa ya gani da idonsa. Bikin ma in ya fasa ya fasa."

Na ɗauka hankalinsa zai tashi. Sai ya cire gilas ya goge da gefen riga, a nitse, ya ciro wayarsa. Ya ce, "Kafin ki ɗaga, saurara." Ya danna wani saƙon murya.

Muryar Baba ce. Har da ɗan tarin nan nasa na farkon magana.

"Sharahu, na duba takardun da kak kawo. Waɗanga biyu da ba zane bisansu, cire su. Wa ka sayen abin da ido bai gani? Yarinya ta, karatu ka sa ta ƙawa. Kuma kak ka gaya mata, rigima za ta yi."

Saƙon ya ƙare. Wani akuya ya yi kuka a waje, mai ruwa ya wuce yana kaɗa jarkoki. Sharafuddeen ya mayar da wayar aljihu ya ce, cikin taushin murya kamar mai lallashi, "Kin gani? In kinka ɗaga, ba ni kaɗai za a gani ba." Tun makonni ya adana saƙon nan, masu karatu. Mutumin da nake shirin kwana ɗaki ɗaya da shi ya ajiye muryar mahaifina don rana irin ta yau.

Na juya na shige gida ba sallama. A falo na sami Baba, ya dawo ta ƙofar baya, yana zaune ƙarƙashin fanka da carbi. Na durƙusa kamar yadda na saba, na ajiye bod biyun a gabansa a kan kafet.

"Baba, na ji saƙon."

Carbin ya tsaya.

"Baba, kai ne fa ba ka sa rigar da ba a yi wa shafi ba. Ka sha korar tela a kan haka. Ka ce na ciki shi ke riƙe da na waje."

Da ya buɗe baki, muryarsa ta tsufa da shekara goma. "Washegarin da anka kafa akwatin ga nik kunna rediyo. Da nij ji ƙarar nan, na san mi niy yi."

Ashe shi ya sa aka lulluɓe ta. Ba labarai ne suka ishe shi ba. Makonni yana zaune da sanin nan, ya gwammace ya kashe rediyon da ya yi shekara talatin yana saurare da ya kira ni ya ce, ɗiyata, na yi kuskure.

Ya ce, "Shekara arba'in ina kasuwar ga, ba a taɓa cewa Halilu ya rage wa mutum yadi ba. In anka ji wanga ranar Lahadi, ba ni iya sake zama bakin kanti." Sai ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun dawowata. "Ki ɗauka, Hamdiyya."

Da tsawa ya yi mini da na ji sauƙi. Roƙo ya yi, kuma ban taɓa ganin Baba yana roƙon kowa ba. Na tsane shi a wannan minti, Allah ya yafe mini, kuma tausayinsa ya kusa kashe ni, duk a lokaci ɗaya.

Na miƙe, na taka kujera, na sauko da rediyon daga saman kabad. Na yaye ƙyallen, na hure ƙurar, na ajiye ta a gabansa.

Na ce, "Zan ɗauka, Baba. Amma akwatin nan ba za a cire shi daga gidan nan ba, rediyon nan kuma ba za a sake lulluɓe ta ba."

Ban jira amsarsa ba, na shige ɗakina.

Ranar Lahadi na sa hijabi ruwan toka har ƙasa, na tsaya a rumfar shugaban 'yan kasuwa, gaban maza sun fi talatin. Na ce ni na zana, kuskuren nawa ne, kuma duk wanda ya saya ya kawo zan yi iya ƙoƙarina in rage masa ƙarar. Wani daga baya ya ce, "Dama mi ya kai mace ga wuta?" aka yi dariya. Sharafuddeen ya tashi ya ba jama'a haƙuri a madadina, har ana yaba masa dattako. Malam Attahiru ne kaɗai bai yi dariya ba. Yana wurin ranar da na ɗaga bod a rana, ya ga fuskata. Ya dube ni, ya dubi Baba, ya sa takalmansa ya fita.

Bod ɗin gwajin yana cikin jakata duk tsawon zaman nan. Hannuna na kansa har aka shafa fatiha.

Muna isa gida saƙon Sharafuddeen ya shigo: "Kin burge ni yau, matata. Za mu sake oda, wannan karon hawa huɗu. Turo min zanen." Da hoton zuciya guda uku. Zanen yana cikin kwamfutata, ni kaɗai nake da cikakkensa, tunda wanda na ba shi ya riga ya sa an gutsure shi. Har yanzu da nake muku rubutun nan ban amsa masa ba, kwalayen kuloli kuma suna nan a jere suna kallona.

Yau Litinin. Bayan asuba na ji motsi a tsakar gida, na ɗaga labulen taga. Baba ne ya shimfiɗa buzunsa a gindin darbejiya, kofin koko a dama, rediyo a hagu. Ya murɗa ta. Ƙarar ta cika gidan, zzzz, babu ko kalma ɗaya da ake ji. Inna ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta ce, "Alhaji, kashe abin ga mana."

Ya ce, "Bar shi, Hasana. Ba a ƙare labarai ba."

Rabin awa ya yi a zaune, kansa a sunkuye, kokon ya huce bai taɓa ba. Ni kuma ina tsaye a bayan labule, ban fita ba, ban kuma rufe tagar ba.